Zaƙamin da Na Dafa wa Autana

Ku matso, ku ba ni kunnuwanku. Tun da autana ya kuɓuto daga hannun masu garkuwa, ba ya barci sai da ƙwaya. Wata rana jikata ta karanto min a waya cewa a Turai likitoci na ba irinsa maganin da ke sa gane-gane, su tsare shi har ya warke.

Na ce, "Ai ganyen zaƙami ke nan, ga shi a bayan gidanmu nan Rigasa."

Zancen likitan ne ban riƙe ba. Na dafa, na ce, "Shanye, auta." Ya shanye don ni ce.

Yanzu jikata ta yi aure a Katabu. Shi auta tun ranar yana asibitin masu taɓin hankali, ba ya gane ni. Ni kuwa duk Juma'a ina kai masa tuwo.