Waƙar Kakata a Wayar Ƙawata

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a nan Makka, na yi wani kishi da har yau idan na tuna sai in yi dariya, wani lokacin kuma dariyar ta maƙale. Kafin ku gyara zama, ba a kan namiji ba ne. A kan kakata ne.

A unguwar Zahir aka haife ni, a gidan da kakata ta wajen uba take zaune da mu. Tun tana budurwa ta baro ƙasar Sakkwato da iyayenta, a ƙafa, ta Sudan, suka sauke farali suka yi zamansu. Mu jikokinta da Larabci muka tashi. Hausata a lokacin ba ta wuce ta gaisuwa da neman abinci ba, ita ma a karkace. Sitti nake ce mata, yadda 'yan Makka ke kiran kaka. Ta yi mini Hausa in mayar mata da Larabci, mu fahimci juna rabi da rabi. Duk da haka kowa a gidan ya san ni ce 'yar lelenta. Ni nake shafa mata man zafi a gwiwa, ni take ɓoye wa dabino mai taushi.

Turanci na karanta, kuma a adabin Amurka ba na shakkar kowa a ajinmu. Littattafan baƙaƙen fatarsu na fi so, waɗanda kullum za ka tarar da wani yana neman sunan kakansa na asali, ko wata tana riƙe da guntuwar waƙar da ba ta san ma'anarta ba. Na sha kuka a kansu. Amma da aka zo zaɓen binciken kammalawa sai na ɗauki wasannin kwaikwayonsu, jigon uban da ke ɗora wa 'ya'yansa buri har gidan ya tsage, don na san nan maki yake.

Ƙawata, wadda suke zaune a unguwar Kudai, iyayenta Kanawa ne da ba su daɗe da zuwa ba, Hausa zalla ake yi a gidansu. Ita tarihin waƙoƙin Amurka ta zaɓa, yadda waƙar bayi a gonakin auduga ta zama tushen kiɗan da duniya ke ji yau. Malamarmu ta ce ta nemo tsohuwar da ta san waƙoƙin aiki na ƙasar Hausa don ta kwatanta. Ni da bakina na ce wa ƙawar tawa, "Ga Sitti nan a gida, ba abin da take sai jan carbi. Amma kada ki sa rai, ban taɓa jin ta yi waƙa ba." Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Ta zo wata rana bayan la'asar, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Sitti, gaisuwa mai tsawo irin wadda ban iya ba. Sannan ta kunna mata wata tsohuwar ɗauka a waya. Murya ɗaya ce ke ja, maza da yawa suna amsawa, fartanyoyi suna sauka lokaci guda.

Kakata ta karkata kunne. "Wanga ai gayya ce, noma sukai. Wane gari ne?"

"Amurka ce, Kaka," in ji ƙawata.

"Wa ya kai su can?"

"Kakanninsu aka kama aka sayar, aka tsallaka teku da su."

"Sun koma gida?"

"Ba su koma ba."

Ta daɗe tana kallon carbinta. "Mu da ƙafarmu munka taho, mu ma ba mu koma ba."

Daga nan ta ajiye carbin ta fara waƙar niƙa, tafin hannunta yana kai-komo a cinyarta kamar tana kan dutse. Mahaifiyata ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Ni kuwa ina zaune da tiren shayi, ban tsinci komai ba sai kalmar gero. Ƙawata tana share hawaye tana gyaɗa kai, wato ita ta gane.

Tun daga ranar gidanmu ya zama nata. Kakata ta riƙa tambaya tun hantsi, "Yau ɗiyata tana zuwa?" ta sa a ciro mata mayafin Juma'a, ta shafa turare. Dabinon nan mai taushi ya canja hanya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dariyarsu. Su tuntsire, in tambayi ƙawata me aka ce, ta ce, "Wallahi ba ya fassaruwa." A gidan ubana, da kakata, wai ba ya fassaruwa. Na fara zaɓo mata kofin shayin da bakinsa ya ɓantare. Na fara ce mata a makaranta anya bincikenta adabi ne kuwa, ba hira ba. Daga baya na daina zama da su gaba ɗaya. Mahaifiyata ta ce in rage kumburi kafin in fashe, na ce karatu ne ya yi mini yawa.

Hassada ga mai rabo taki ce. Binciken ƙawata ya fi na kowa, ni na zo bayanta. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni shi ne daga makaranta gidanmu ta biyo ni, kakata kuma da ta ji labari ta rangaɗa mata guɗa har maƙwabta suka aiko tambaya. Ni sai aka ce mini, "Mabruk, Allah shi yi albarka," da Larabci-Larabci, yadda ake yi wa baƙo.

Washegari bayan azahar na shiga ɗakinta. Tun safe nake haɗa jimla ɗaya da Hausa, don na rantse da harshenta za ta ji ni.

"Sitti, ina jin kishi."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta tsiyayo zamzam daga jarkar da ke gefen gadonta ta ba ni. Harshena ne ya ja mini. Kamar yawancinmu da aka haifa a nan, ban iya furta ƙ ba, idan ƙishi ya kama ni kishi nake cewa.

"La, Sitti, ba ruwa ba. Kishi." Na ƙara mata da Larabci, "Gira."

Ta dube ni, ta dubi kofin, sai dariya har da tari. "Tun kina rarrafe kike ce min kishi ina ba ki ruwa. Yau da kinka faɗi daidai, ni na yi kure. Shanye dai, shi ma yana kashe wuta."

Na shanye ina kuka, sannan na zazzage mata komai da Larabci. Na ce ni ce a gabanta kullum, ni nake matsa mata ƙafa, amma ba ta taɓa yi mini waƙa ba sai da bare ta zo.

"Kin taɓa tambayata?" ta ce. "Ke kullum kina ɗaki kina kukan mutanen littafi. Na ce wagga ɗiya ba ta son tsohon zance." Ta matsa mini wuri a gadon. "Ɗiyar mutane waya take riƙe min. Waƙar niƙa kuwa amshi take so. Kin iya amshi?"

"Ban iya ba."

"To buɗe baki."

Haka na fara, ina amsa abin da ban san ma'anarsa ba, tana buge mini cinya duk inda na karkace. Ta ƙara 'yan shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma Hausar da kuke karantawa yanzu a gefen gadon nan na tsince ta. Da a ce nasiha aka yi mini in koyi harshen iyayena, na san kaina, ba zan koya ba. Kishi ne ya zaunar da ni.

Ƙawata har yau ƙawata ce, ita ma tana tsokanata da zancen kofin. Bayan rasuwar kakata, sai ta turo mini duk abin da ta ɗauka a waya. A ciki akwai labarin yadda su Sitti suka tsallaka teku daga Sudan a jirgin katako, da ƙanenta da ya rasu a hanya. Sau ɗaya ta taɓa ba da labarin nan. Na sha roƙonta daga baya, ta ce ta riga ta sauke shi, ba ta sake ɗauka. Idan na kunna, can bayan muryarta ana jin wata tana buga kwanuka a kicin da ƙarfi, har kakata ta dakata ta jira a gama. Ni ce.