Allin Bu Tarsini

A Tegal, garin bakin teku, duk wanda ya taɓa riƙe kan walda ya san Bu Tarsini, wato Malama Tarsini. Gajeriya ce mai ƙatuwar murya, hannuwanta duk tabon tartsatsi. Uwarta shanyar kifi take yi a bakin teku, ita kuwa tun tana 'yar sha bakwai ta ce warin ƙarfe ya fi mata. Shekara sha ɗaya ta yi a Batam tana liƙin jiragen ruwa, sannan ta dawo gida ta kama koyarwa a makarantar koyon sana'a. Masu jirgi har yau suna faɗa: inda Tarsini ta liƙe, ruwa sai dai ya zagaya.

Aikin da ya fi cin ranta ba a aji yake ba. Kowane ɗalibi sai ya yi wata uku a wurin aiki na gaske kafin a ba shi takardar shaida, kuma yawanci a nan ake riƙe su aiki. Ita ke hawa tsohon babur ɗinta tana bin masu gareji da maƙeran jirgi, ta sha shayinsu, ta zolaye su, ta ƙi tashi sai sun karɓi yaranta. Ban taɓa ganin mai naci irinta ba.

Bana ta samar wa talatin da ɗaya wuri. Saura Kuswati, wadda laifinta ɗaya: mace ce. Uban yarinyar kuwa ya riga ya yanke magana. In Litinin ta zo babu wuri, za ta bi gwaggonta Jakarta wankin kwanuka a rumfar abinci, karatu ya ƙare ke nan.

Ranar Asabar da hantsi Bu Tarsini ta goyo yarinyar a babur zuwa filin Haji Casmadi, mai ƙera jiragen kamun kifi da ake kira Pak Haji, wato Baba Alhaji, ɗauke da wasu ƙananan akwatunan ƙarfe biyu marasa murfi, ɗaya liƙinta, ɗaya liƙin Kuswati.

"Bu, kin sake dawowa?" in ji Haji. "Na ce miki ban da mata. Yarana sai su shagala da kallo su ƙona mini jirgi."

"To ka sallami masu kallon mana, Pak Haji. Ni ma da ka ɗauke ni gyara shekarun baya, gemu ka gani a fuskata?"

"Ke daban ce."

"Sa a kawo kananzir, ka daina cika ni da surutu."

Gwajin tsoho ne, kowa a filin ya san shi. Ta jiƙa alli ta shafe bakin liƙin ta waje, ta jira ya bushe fari fat, sannan ta tsiyaya kananzir a cikin akwatunan. Kananzir yana bin kafar da ido ba ya gani. In akwai ta, allin zai yi duhu. Ma'aikata suka ajiye aiki suka kewaye su. Kuswati ta sunkuyar da kai tana murza bakin ɗankwalinta.

Kafin shayi ya huce, akwatin hagu ya fitar da ɗigo biyu, baƙaƙe. Na dama ko gezau.

Haji ya yi dariya. "Kin gani? Ga naki nan tsaf. Yarinyar ta yi ƙoƙari, amma teku ba ta san ƙoƙari ba."

"Juya na hagun ka karanta."

Ya tsiyaye kananzir ɗin ya juya. A ƙasansa, da fenti, an rubuta Tarsini.

Shekara guda ke nan hannun Bu Tarsini na rawa tana ɓoyewa. A aji ɗalibai take sa wa su nuna, wai don su saba. Ba da gangan ta ɓata akwatin ba, iyakar ƙarfinta ta yi. Ta kuma san kafin magariba labarin zai kai ƙarshen tashar jiragen, sunan da ta gina shekara talatin ya tafi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma muryarta ba ta nuna ba.

"Hannun da kuke yabo ya tashi daga jikina, Pak Haji. Ga inda ya koma. Ka bar shi ya je wankin kwanuka?"

Haji ya daɗe yana shafa liƙin na dama da babban yatsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Litinin, ƙarfe bakwai. Ta zo da takalmi mai kauri."

Kuswati ta kama hannun malamarta ta kai goshinta don girmamawa, ta ji yana karkarwa, ta ƙi saki.

"Haba Nok, 'yata, sake ni, kananzir ne a jiki," in ji Bu Tarsini. Ta zaro ragowar allin daga aljihu ta danƙa mata, ta haɗa da makullin babur. "Ke za ki ja mu gida. A hankali dai, ni kaɗai gare ki."