Ramin da Aka Ce Babu

Shekarar da muka tare a sabon gidanmu na Gwallameji maigidan ya sayo babbar talabijin da akwatin sauti mai sifiku biyar. Shi ba ruwansa da harkar wayoyi, sai ya kira ƙaninsa ya haɗa. Ƙanin nan ma'aikacin ofis ne, amma tun da ya taɓa gyara wa mahaifiyarsu fanka ake ce masa Injiniya.

Ina tsaye ina riƙe masa fitilar waya ya jona dikoda, ya jona abin wasan ƙwallonsa da ya ajiye a gidanmu. Da ya gama na miƙa masa tsohon dibidina. Faifai ɗaya kacal nake kallo da shi, na walimar da aka yi wa Innata a Tirwun da ta dawo daga Hajji. Ta rasu bayan shekara biyu, kuma duk duniya nan ne kawai muryarta ta rage mini.

Ya juya shi, ya hure ƙurar kansa. "Matar Yaya, wannan gwangwanin ai babu ramin da zai karɓe shi. Zamaninsa ya wuce."

Na ce ya daure ya duba, Inna ce a ciki.

"Allah Ya jiƙanta. Amma mamaci addu'a yake so, ba kallo ba. Ke dai je ki duba mana tukunya, wannan ba aikinku ba ne."

Maigidan ya yi dariya, don a wurinsa wasan ƙanin miji ne kawai. Ni ma na murmusa, na shiga kicin na yi kukana a kan albasa. Ni da ban taɓa sallame salla ban ambaci Inna ba, ni za a koya wa addu'a? Na yafe wa mutane abin da ya fi wannan girma, amma wannan ta ƙi fita daga raina.

Wata uku dibidin yana sito a kan buhun masara. Ranar da nake neman kwalin da zan zuba takalman yara, sai na ci karo da ɗan littafin da ya zo da akwatin sautin, ko ledarsa ba a ɓare ba. Na gama sakandare, Turancina bai gudu ba, ga zane-zane kuma. Da yara sun tafi makaranta sai in ja teburin, in durƙusa a bayansa da littafin. A rana ta biyu na gan su: ramuka uku a jere, ɗorawa da fari da ja, daidai da kan wayoyin dibidina. Ashe akwai. Ko dubawa Injiniya bai yi ba.

Na jona. Inna ta fito a bango da farin mayafinta, tana yi wa mai ɗaukar hoton faɗa da Fulatanci don ya tsaya mata a kan tabarmar salla. Muryarta ta zo ta sifiku biyar, har ta bayana, kamar ta shigo falon. Na kalla sau biyu. Sannan na share hawaye, na ɗauko zaren saƙa, na ɗaura wa kowace waya nata launi, na rubuta a bayan littafin.

Ban gaya wa kowa ba. Na jira Asabar ɗin da za a buga babban wasa, wanda Injiniya ya gayyato abokansa shida kallo. Na yi musu dambun shinkafa da zoɓo mai sanyi, don baƙo ba shi da laifi. Amma da hantsi na zare wayar dikoda daga rami na ɗaya na mayar da ita na uku. Na lura da Injiniya tuni, maɓalli ɗaya ya haddace a rimot.

Bayan la'asar suka cika falo, ni ina ɗaki bayan labule. Injiniya ya danna rimot. Talabijin ta nuna shuɗi kawai. Ya sake dannawa, ya bubbuga rimot a tafin hannu. Daga gidan maƙwabta aka fara jiyo ihun wasa.

"Injiniya, an take fa!" in ji wani mai babbar murya.

Sai na ji an ja tebur. Ya shiga zare wayoyi yana cusa su duk inda hannunsa ya kai, har sifika ɗaya ta ɗau gurnani kamar injin markaɗe. Wani ya ce, "Kai dai fanka ce gwanintarka." Maigidan, da ya sha ganina a bayan teburin da sunan shara, ya ce, "Tambayi matar gidan mana."

Injiniya ya zo bakin labule, murya ƙasa-ƙasa. "Matar Yaya, ko kin taɓa wani abu?"

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ni? Ai tukunya na sani. Wannan ba aikinmu ba ne."

Sai dariya ta ɓarke a falon. Ya ce don Allah. Na ce ban ji ba, ya maimaita da ƙarfi.

Ban fito ba, tunda maza ne cike. Daga bayan labule na riƙa ba shi umarni. Mai koren zare, rami na uku. Mai baƙin zare, zuwa talabijin. Sannan na ce, "Akwai wasu uku a ƙasa, ɗorawa da fari da ja. Ka ga ramukansu?"

Ya leƙa. "Na gani."

"Akwai ko babu?"

"Akwai."

"To jona, ka danna maɓalli na ƙarshe mu gwada."

Inna ta fito tana faɗanta. Mai babbar muryar ya tambayi wace ce, maigidan ya gaya masa. Duk suka ɗaga hannu suka yi mata addu'a, Injiniya na durƙushe cikin wayoyi yana amin. Sai da suka shafa na faɗa masa maɓallin ƙwallo. Kafin nan an riga an ci biyu, kuma ƙungiyarsa aka ci.

Da magariba na yi istigfari a kan zare wayar, don da gangan na yi. A kan ƙwallo biyun kuwa na bincika zuciyata sosai ban sami nadama ba. Dibidin yana nan a jone har yau, kuma idan Injiniya ya zo goge ƙurar abin wasansa, har shi yake gogewa.