Kaset ɗin da Baba Ya Sassaƙe

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan Kirsimeti ce, a shekarar da nake aji biyar na firamare, can wajen ƙarshen shekarun 1980. Ina tsakar gidanmu a Malumfashi ina tankaɗen garin tuwo, Mama tana bakin murhu tana fama da ɗanyen ice, sai muka ji mota ta tsaya a ƙofa. Kawu Bitrus ne, ƙanen Mama, wanda wurin aikinsa a Kaduna suka tura kwas ƙasar waje ya yi wata tara. Ya shigo da kwali a hammata, ya gaisa da kowa sama-sama, ya wuce kai tsaye gindin darbejiya inda yayana Iliya yake zaune kan tabarma yana ɓarar gyaɗa. Ya dire kwalin a gabansa ya ce, "Ɗan Yaya, naka ne. Duk garin nan babu mai irinta." Na'urar wasa ce da ake jonawa a talabijin, wadda yara suke kira gem, baƙa wuluk tana sheƙi, da hannuwa biyu masu igiya da kaset guda ɗaya. Gaskiya Kawu ya faɗa, babu mai irinta, mu kuwa muka yi ta tsalle da maganar don ba mu san abin da za ta jawo ba.

Iliya ya girme ni da shekara uku. Shan inna ta kama shi yana ƙarami, ta shanye masa ƙafar hagu ta raunana ta dama, shi ya sa yake tafiya da sanduna biyu da kafinta ya yi masa. Ya yi makaranta har aji huɗu, kuma kansa yana ja fiye da nawa, wannan kam ban taɓa musu ba. Amma tun ranar da wasu yara suka jeru a bayansa a hanyar makaranta suna kwaikwayon tafiyarsa, ya dawo gida ya jingine sandunan a bayan ƙofa ya ce shi da waje sun raba gari. An yi lallashi, an yi faɗa, fasto ya zo har sau biyu, duk a banza. Idan muka tafi gonarmu ta hanyar Kafur cirar auduga ko roron wake, shi ake bar wa aikin zaune: ɓarar gyaɗa, tsince datti daga auduga, korar kaji daga shanya. Da yamma yaran unguwa su cika layi da langa da ƙwallon tsumma da tura motocin kara, shi yana ciki yana jinsu ta saman katanga. Ya san kowa da muryarsa, ya san wanda ya ci da wanda ya yi ha'inci, amma ko leƙe ba ya yi. Bakinsa kuwa reza ne, kuma da yake ni ce a kusa, ni na fi shan yanka.

Kafin kwana biyu labarin gem ɗin ya zaga unguwa. Ba ita ce ta farko a garin ba. Sanusi, ɗan Alhaji Mamman mai sayen auduga, yana da wata a zauren gidansu, gida takwas daga namu, akwai kuma irin tasa a gidaje huɗu ko biyar. Sai dai tasu tsohon yayi ce. Mutanen cikinta ɗigo-ɗigo ne, ba ka bambance kai da gindi, kiɗanta kuma ƙiƙ-ƙiƙ kamar gyare. Ta Iliya kuwa, ko a tsohuwar talabijin ɗinmu marar kala, za ka ga mai babur da hularsa yana kwanciya a kwana, har hayaƙi yana fita a bayansa. Yaran da shekara biyu ba su tako gidanmu ba suka cika ɗakin Baba, takalman roba jibge a bakin ƙofa. Iliya ya zama sarki. Shi ke raba layi, shi ke cewa wane ya karɓi hannu, wane ya koma baya don ya shigo da majina. Mama tana mita an ƙarar mata da ruwan randa, amma na lura ta ƙara yawan gyaɗar da take soyawa. Idan aka ɗauke wuta ma ba sa tafiya, sai su haƙa gurabun dara a gindin darbejiya su zauna tare da shi har a dawo da ita. A watannin nan ne na fara jin dariyar yayana tana haura katanga, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina, ko da yake ni sau ɗaya a mako ake ba ni hannu.

Matsalar ita ce kaset ɗaya ne. Kafin ruwan farko ya sauka kowane yaro ya haddace hanyar babur ɗin, har akwai mai juya baya ya yi tuƙi don burga. Su kuwa masu tsohon yayi kaset ba ya yanke musu. 'Yan kasuwa suna kawo sababbi daga Kano, yau na dambe, gobe na jirgin sama, jibi na wani mai haƙar rami. Suna da tsarinsu na musaya: duk Juma'a bayan an tashi makaranta a haɗu a zauren su Sanusi, ka ba da naka ka karɓi na wani har mako ya zagayo. Wanda ba shi da abin bayarwa sai ya zauna a baya ya yi kallo. Kaset ɗin Iliya ba ya shiga tasu, nasu ba ya shiga tasa. Yara suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma maimakon ya sassauta sai bakin nan ya ƙara kaifi. Ya ce wa Sanusi gem ɗinsu ai masara ce ke tsalle a kasko. Sanusi ya sa takalminsa ya ce, "To, ka zauna da mai ƙarfin taka." Asabar ɗin da ta biyo baya Iliya ya sa ni na share ɗaki na shimfiɗa tabarma biyu, ya jera hannuwan gem ɗin, ya zauna yana fuskantar ƙofa tun azahar har kaji suka fara hawa. Babu wanda ya zo.

Baba manomi ne, ba shi da yawan magana, kuma a ganinsa babu abin da hannu ba zai gyara ba. Shi ke sassaƙa ƙotar fartanyarsa, shi ke ɗinke buhu, shi ke yi wa rediyonsa dabara da waya. Ya sa an rubuta wa Kawu wasiƙa, Kawu ya zaga Kaduna ya aiko cewa bai samu ba. Sai Baba ya ɗauki tsinken tsintsiya ya auna bakin ramin da ake zura kaset, ya karya shi daidai, ya sa a aljihu. Ranar kasuwar Funtua ya tafi da ni, don ni ce mai karanta Turancin jikin kwali. Mun shiga shago ya fi biyar kafin muka faɗa hannun wani dattijo mai sayar da rediyo da kayan wuta, wanda ya saurari Baba har ƙarshe. Ya ce, "Malam, na san ta, kuma ta fi waɗanga ƙarfi nesa ba kusa ba. To amma masu yin na'ura daban, masu yin yawancin kaset daban. Su inda jama'a suka fi yawa nan suke yi ma aiki. Taka tsada gare ta, yi mata wasa ma aiki ne babba, masu ita kuma ba su da yawa. Wa zai wahala don mutum ɗaya?" Baba ya ce shi bai taɓa jin inda ƙarfi ya zama laifi ba. Ya zaro tsinkensa ya ɗora a kan wani kaset mai hoton ƙwallo, ya ga bai fi faɗin farce biyu ya ɗara ba. Dattijon ya rantse masa ba zai yi ba. Baba ya saya.

Washegari da ya dawo daga gona ko ruwa bai sha ba. Ya zauna kan turmi da wuƙarsa da magagari, ya riƙe kaset ɗin yadda yake riƙe ƙota, yana sassaƙar gefe yana hurewa, yana gwadawa yana komawa. Garin baƙar roba ya zuba a kan wandonsa. Iliya yana gefe, ya yi kamar hankalinsa na kan gyaɗa, amma guda ɗaya ya riƙe tun da aka fara. Can kaset ya shige cif, har da 'yar ƙara. Baba ya dube mu da wani murmushi da ban manta ba, ya ce a kunna. Aka kunna. Babu komai a fuskar talabijin sai yayyafi fari da baƙi. Ya cire ya hure ya mayar, ya sake, ya sake. A na huɗu ma haka. Ya ajiye kaset ɗin a gaban Iliya ya ce, "Ice na iya, Iliya. Wannan ya fi ni." Ya fita bayan gida wajen awaki ya daɗe. Tausayinsu su biyu ya cika ni har na rasa wanda zan fara yi wa kuka.

Ni kuma Allah ya yi ni da shisshigi. Bayan kwana biyu Mama ta aike ni niƙa, na soke kaset ɗin a ƙugu na biya ta zauren su Sanusi. Da suka ga yadda aka rage masa gefe sai da suka yi dariya har da faɗuwa. Ya yi wa ramin tasu sako-sako, sai Sanusi ya yago takarda daga littafin lissafinsa ya ninke ya cusa a gefe. Ya kunna, sai ga fili, ga ɗigo-ɗigo suna bin ƙwallo. Ashe duk cikinsu babu mai na ƙwallo, sun daɗe suna jin labarinsa. Zauren ya kaure da ihu. Sanusi ya ce zai ba da uku a kansa, na ce ba nawa ba ne. Ya zare shi ya miƙo mini. Ya ce Alhaji ya hana a fitar da gem daga zaure ko nan da ƙofa, don haka in gaya wa Iliya ya zo ranar Asabar, shi ke da bugun farko.

Na sha zagi a bakin Iliya a ranar da na kai masa saƙon, har da na kakannina waɗanda nasa ne shi ma. Daga nan ya yi kwana uku yana fushi da kowa. Duk mun san ba gem ke damunsa ba, gida takwas ɗin nan ne da idanun da ke tsakaninsu. Baba ya ce zai kai shi a keke, Iliya ya ce shi ba buhun masara ba ne. Ranar Asabar bayan la'asar ina wanke-wanke ya kira sunana a hankali ya ce in miƙo masa sandunansa. Na kakkaɓe musu ƙura da yana. Sun yi masa gajarta, don ya ƙara tsawo a zaune, dole ya sunkuya kafin su kai hammata. Ya sa kaset a aljihun gaba ya fita, ina biye da shi. Matan da ke bakin rijiya suka tsaya da guga a hannu. Da na waiwaya sai na ga Baba can baya yana turo keke, wai zai je wajen mai faci, alhali tayoyin biyu cike suke da iska. A gida na biyar sandar dama ta zame a kan laka, Iliya ya kife. Na zabura, ya daka mini tsawa. Baba ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya damƙe ƙahon keke da hannu biyu, bai ɗaga ƙafa ba. Iliya ya lalubo sandar, ya dafa, ya miƙe da laka har gwiwa, ya ci gaba. Kafin ya isa yaran sun fito sun yi cirko-cirko a ƙofar zaure. Ya tsaya yana haki, ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "To, ina masarar taku? A kunna in gani." Dariya ta ɓarke, Sanusi ya matsa masa wuri a gaba.

Da aka koma zango na gaba Iliya ya koma makaranta, a ajin da ke bayan nawa, kuma bai fasa yi mini gori a kan lissafi ba. Yanzu yana da shagon ɗinki a Funtua da yara shida a ƙarƙashinsa, bakin nan yana nan yadda yake. Baba ya rasu da daɗewa. Jikokina kuwa kullum suna cikin gardamar wace sabuwar na'ura ta fi wace ƙarfi, suna jero mini lambobin da ban gane ba. Idan na tambaye su su wa za su yi mata wasanni, kuma da wa za su buga, sai su yi dariya su ce Kaka ta fara. Kowannensu yana ɗakinsa da ƙofa a rufe, yana buga wasa da mutanen da bai taɓa gani ba, babu wanda sai ya taka ƙasa kafin ya sami abokin zama. Ban ce lokacinmu ya fi ba, amma ina kewarsa. Duk sanda na tuna yammacin nan, Baba nake fara gani, tsaye a tsakiyar hanya yana kallon ɗansa a cikin laka, yana hana kansa zuwa. Sai da na haifi nawa na san abin da tsayuwar nan ta ci masa.