Maƙwabtan Jan Furen Goggo

Jiya bayan an ɗauke ruwa, gefen rigata ya gogi jan furen nan na jikin katanga. Ƙamshin ganyensa na tashi sai na ga Goggo, yayar mahaifina, kamar tana tsugune a wurin, yatsunta duk jar ƙasa.

Ni na kawo mata shi daga Minna, shekarar da mijinta ya rasu. Salbiya mai sayarwar ya kira shi. Na nufi gindin randa zan dasa, inda na'ana'a take cikin laima.

"Ba nan ba, ɗan nan." Ta murza ganyen ta shinshina. "Wannan ba ya son ruwa. In ka haɗa shi da masu sha, saiwarsa ruɓewa za ta yi."

Ta kai shi wajen rana, kusa da lalle. Goggo ba ta dasa abu sai ta duba wanda zai zauna kusa da shi.

Ranar nan na zo ne da magana: ta bar Kontagora ta dawo wurina, ga ɗaki, ga asibiti kusa. Na faɗa mata tana danna ƙasa a gindin furen. Kafin ta amsa, maƙwabciyarta ta leƙo ta kan katanga tana tambayar yaya ƙafa.

"Ka ji?" in ji Goggo. "Can wa zai tambaye ni?"

Ban ƙara tayar da zancen ba. A ɗakinta ta cika, maƙwabciyar nan ce ta yi mata wanka.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sanyaya makwancinta, ya zaɓa mata maƙwabta yadda ta zaɓa wa shukarta.