Daga Riyad Zuwa Tasalonika Nema Wa Nasiru Aure

Al-Naseem

Tun kafin kiran sallar asuba na fito bakin titi a unguwarmu ta Al-Naseem a Riyad ina jiran motar kamfani, ban runtsa ba. Ƙanena Nasiru, da ke aikin gini a Tasalonika, wani birni a gaɓar tekun Girka, ya samu mata, 'yar Albaniya, Musulma. Mahaifinta ya ce ba zai ba mutumin da ba shi da kowa 'yarsa ba, sai ya ga danginsa ido da ido. Duk gidanmu ni ne mafi kusa da can.

Birnin Masana'antu na Biyu

A nan nake tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Fasfona yana hannun kafili, mai ɗaukar nauyin zamana a Saudiyya, kuma ba a fita ƙasar sai da izininsa. Na tare mudir, shugaban sashenmu, a ƙofar ofis.

"Girka? Kai?" ya ce. "In ka tafi ba ka dawowa."

"Wallahi matata da 'ya'yana daga albashin nan suke ci."

"Bukra, insha Allah."

Goben nan tasa ta kai mako uku. Nasiru kuma kullum sai ya kira: "Yaya, tsohon nan ya fara cewa ƙarya nake." Da aka ba ni fasfo na shiga zaryar biza. Abinci ma a tsaye nake ci.

Batha

Da biza ta fito na je unguwar Batha wurin Malam Hadi, mutumin Zariya, mai sayar da tikiti. Ya ce, "In arha kake so, bi ta Alƙahira ka sauka Atina, babban birnin Girka, sauran ka ƙarasa a mota. Amma ƙashinka zai gaya maka." Na amince. Na sayi dabino kwali biyu da turare, na cusa burodi da gwangwanin kifi a jaka.

Hanya

A Alƙahira na wuni kan kujera ina gadin dabino. A Atina jami'in shige da fice ya daɗe yana juya fasfona kafin ya buga hatimi. Motar Tasalonika kuwa sai da ta ci kusan rabin yini, wayata ta mutu a hanya, ban san ko Nasiru yana jirana ba.

Tasalonika

Yana nan a tasha, ya rame, ya yi gemu. Ko wanka bai bar ni na yi ba. Muka bi ta bakin teku da sauri, ruwan ma ban kalle shi sosai ba, muka hau benen gidan mahaifin yarinyar.

Tsohon bai karɓi dabinon ba tukuna. Ya tsayar da mu kafaɗa da kafaɗa yana kallo. Nasiru ya yi murmushin tsoro, ni ma na yi. Sai tsohon ya nuna wushiryata, ya nuna ta Nasiru, ya kwashe da dariya har da tari. Ya kira matarsa ta zo ta gani. Washegari aka ɗaura aure.

Komawa

Kwana biyu kacal na yi, a tabarmar ɗakin Nasiru. Na sauka Riyad da safe, na wuce wurin aiki da jakata. Mudir ya ɗago kai ya dube ni.

"Ka dawo?"

"Na dawo."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Malam Hadi da alheri, ya ba Nasiru da amaryarsa zaman lafiya.