Wutar Inno Ta Rage a Jikina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025, ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Kazaure aka kira ni daga Kanya Babba. Allah Ya karɓi ran yayata Zaituna, bayan jinyar da ta ɓoye mana tsananinta.

Yaya, mu biyu kaɗai Inno ta haifa, kuma da ta rasu ke kika zame mini uwa. Har na yi furfura ba ki yarda na girma ba. Duk motar da ta taso daga Babura sai kin ba direba ƙullin kuka da daddawa ya kawo mini, sai ka ce a Kazaure ba a miya.

Wani hutu kika tarar da ni ina shirya darasi, kika ce in faɗa miki abin da nake wahalar da 'ya'yan mutane da shi. Na ce a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, maitokondiriya, su ke haɗa abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa su fitar mana da ƙarfi. Kika ce murhu ke nan. Na ƙara da cewa wajen uwa kawai ake gadonsu. Namiji yana ɗauke da na uwarsa, amma ba ya miƙa wa 'ya'yansa.

Kika ajiye rariya kina dariya. "Ashe wutar Inno a hannuna take, Malam. Kai ɗumi kawai aka sam maka."

Lokacin kina goyon Asma'u. Ba ta kai yaye ba ta koma, kuma Allah bai sake ba ki haihuwa ba. Ba ki ƙara tayar da zancen murhu ba, ni ma ban ƙara ba.

'Ya'yana mata suna nan cike da gida, amma wutar mahaifiyarsu ce a jikinsu. Ta Inno ta rage a jikina ni kaɗai, kuma babu wanda zan ba. Zangon nan darasin zai sake zagayowa, ban san da wane baki zan karantar da shi ba. Kewarki ta ishe ni, Yaya.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Malam Muhammad Nur, da dangi na Kanya Babba da Roni. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada ki da Inno da Asma'u a Aljanna. Ni kuma, ranar da ɗan ɗumin nan zai ƙare, Allah Ya sa in cika da imani in tarar da ku.